Ƙafar da Na Ara wa Dakta Badamasi

Duk Hayyin Ashir, unguwar nan ta Alƙahira da baƙin fata suka yi wa yawa, ba na jin akwai wanda ya kai Dakta Badamasi guga. Karin wandonsa sai ya yanka tumatir. Kullum da safe zai fito cikin doguwar riga mai ruwan toka, da farar hula, da tabarau, da wani ƙaton littafi a hammata, yana taku ɗaiɗai kamar wanda ɗalibai ɗari biyu ke jira, kuma ya san dole su jira. Ranar da na fara ganinsa, a 2011, ina sabon ɗalibi daga Funtuwa, sai da na miƙe na ba shi kujera, na kama hannunsa da hannu biyu, na ce ya sa ni a addu'a. Ya kuwa sa ni. Sai bayan wata uku na gane cewa ni da na ba da kujerar ina da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasa, shi kuwa tasa ta mutu tun ina firamare.

Ba Dakta ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Mutumin Tibiri ne, kusa da Maraɗi, Bagobiri da tsagarsa raɗau daga gefen baki zuwa kunne. A 1996 ya zo karatu. Ya ce min ranar tafiyarsa rabin unguwarsu ne suka raka shi tasha, limami ya yi doguwar addu'a, tsofaffi suna cewa ga mai karanta mana tafsiri nan gaba. Ya bar mata da 'yarsa mai shekara biyu, Ummul-Khairi. Shekarar farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka, ta uku ta ƙi. Ya maimaita, ta sake ƙi. Aka cire sunansa, tallafi ya tsaya, iƙama ta bi bayansa. Sau biyu yana ɗaure kaya zai koma, amma da ya tuna jama'ar tashar nan sai ya kwance. Ya rubuta gida cewa ya wuce digiri na biyu. Bayan shekara huɗu ya rubuta cewa ya shiga na uku. Shi kuwa digiri na uku Allah ya yi masa rufin asiri, babu wanda ya san ranar ƙarewarsa. Matar ta gaji ta nemi takardarta, ya aika mata. Yarinyar ta tashi a hannun kakarta, ta san ubanta a hoto, don duk ƙaramar Salla yakan je wurin mai hoto ya tsaya gaban labulen da aka zana wa kantar littattafai, ya aika gida.

Abincinsa a Ataba yake, kasuwar sari. Hajiyoyin da ke zuwa daga Kano da Maraɗi da Damagaram sarin abaya da labule da turare, shi ke tarbarsu, ya kai su shago-shago, ya yi musu tafinta, ya ja ciniki da Larabcin da ya fi na masu garin zaƙi. Idan ba a samu ɗan dako ba sai ya miƙa wa Hajiya littafin ta riƙe, ya saɓa buhun da kansa. Yakan gaya musu taimako ne kawai yake yi tsakanin lacca da lacca, don zumunci. Su kuma su ce, “Allah ya saka, Dakta.”

Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Ummul-Khairi za ta yi masa filashin, shi kuma ya koma gefe ya kira. A lokacin da nake ba da labari ta kai shekara goma sha tara, tana makarantar horon malamai a Maraɗi. Na sha jin yana gyara murya yana ce mata babi na huɗu ne ya ɗan ba shi wahala, amma malaminsa ya yaba. Wannan kiran na minti goma shi ne duk abin da ya mallaka a duniya, kuma ya faɗa min da bakinsa cewa bai jin tsoron ɗan sanda kamar yadda yake tsoron ranar da yarinyar nan za ta san ko wane ne ubanta.

Wurin haɗuwarmu shagon Mahasin ne, wata Bahausar Sudan da ke sayar da wake da burodi da shayi a bayan tashar mota. Teburi uku ne, kuma kamar yadda mutanen Masar ke yi, tsohuwar jarida take shimfiɗawa a kai a ci abinci, in an gama a naɗe da ɓawon albasa a zubar. Ta haka muka karanta siyasar Masar kaf, da jinkirin mako biyu da ɗigon mai. Dakta ba ruwansa da labarai. Zanen barkwanci yake nema, ya ɗaga kwano ya duba ƙarƙashi, in ya samu sai ya gyara tabarau, duk da gilashin banza ne ba na gani ba.

Ni kuwa a lokacin ciwon zane ya kama ni. Bayan juyin juya hali babu bangon da ba a zana ba a garin, kowane yaro da gwangwanin fenti ya zama mai faɗakar da al'umma, ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. An turo ni karatun shari'a, amma gefen littattafaina duk hancin malamai ne. Na riƙa kiran kaina mai zanen siyasa. Na bar gashi ya taru, na sayi jaka mai rataya, ina magana a hankali ina kallon nesa. Abokan ɗakina suka sa min suna Fensir, na ɗauka yabo ne.

A ƙarshen 2013 maganar baƙin haure ta cika jaridu, ga jiragen ruwa na nitsewa da mutane a hanyar Turai, ga waɗanda ƙishirwa ta kashe a hamada. Wata rana Dakta ya nuna min wani zane da gutsuren burodi. Kwale-kwale ne cike da baƙaƙen kawuna, babu fuska, sai ido da leɓe.

“Uzairu, ƙirga min mutum nawa ne a nan.”

Na ƙirga na ce ashirin da uku.

“A'a, mutum ɗaya ne, aka zana shi sau ashirin da uku.”

Don in nuna masa ni ma na san duniya, sai na buɗe waya na nuna masa na Amurka, inda ake ta jayayya kan dokar da za ta ba marasa takarda izinin zama. Masu ƙin dokar sun zana su ambaliya ce ta ɓalle katanga, ko ɓarawo ya sa tsani yana haura taga. Masu son dokar sun zana uwa da goyo tana kuka a gindin katangar, da ƙunshin tsumma a gefe. Na fara yi masa bayani irin na masana, ina cewa wannan ɓangaren kaza ne, wancan ɓangaren kaza. Ya bar ni na gama, sannan ya ƙara girman hoton da yatsa biyu, ya gangara ƙasa.

“Khalas, ya isa, na gani. Da mai son mu da mai ƙin mu, duk ba wanda ya sa mana takalmi. Kai ka taɓa ganin marar takarda ba takalmi? Ai kafin ya kai ƙarshen layi an ɗauke shi. Ɗan sanda ƙafa yake fara dubawa, sannan wuyan riga, sannan ido. Mai iƙama shi ke yawo da silifa kamar kai.”

Na ja ƙafata ƙarƙashin tebur. A ranar ya lissafa min ƙa'idojinsa. Ba ya gudu, ko da motar ƙarshe ce za ta tafi ta bar shi. Ba ya fita da rigar da ba a goge ba. In ya ga shingen bincike ba ya juyawa, sai ma ya nufe su ya tambayi hanyar wani masallaci. Littafin hammatarsa juzu'i na uku ne na wani tafsiri da bai taɓa ganin na ɗaya da na biyunsa ba. Yawanci a ƙafa yake tafiya, don motar haya aka fi tarewa. Takalminsa ƙafa bakwai ne, duk sau-ciki, a jere a ƙarƙashin gado, kowanne da ranarsa. Na ciro ɗan littafina na rubuta duk wannan, ina kaɗa kai, ina jin na samu abin da sauran masu zane na duniya ba su samu ba.

Ba a yi mako biyu ba wata ƙungiya a unguwar Ard al-Liwa ta sanar da gasar zanen barkwanci kan baƙin haure. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Matsalata ɗaya ce, wadda ban taɓa gaya wa kowa ba: ban iya zana fuska da ka ba. Duk fuskar da na ƙirƙira sai ta fito kawuna Ya'ƙub, ko mace na yi niyya. Don haka na zauna a shagon Mahasin kwana uku ina satar fuskar Dakta yana shan shayi. Na zana shi yadda yake, da rigarsa da tabaransa da littafinsa da takalmi yana ƙyalli, tsaye a gaban wata ƙofa da ƙaton hatimi ya tokare. Na kai wa matar da ke karɓar zanen, wata Bamisira mai fara'a. Ta duba, ta juya takardar, ta sake dubawa.

“Ya yi kyau ƙwarai. Amma ina baƙon hauren? Wannan ai malamin jami'a ne.”

Abin da ya kamata in ce mata shi ne, ai maganar ke nan. Yana rubuce a ɗan littafina, a cikin jakata mai rataya. Amma na hango sauran zanukan a jingine, duk kwale-kwale da waya mai ƙaya da hawaye, na ji tsoron kada nawa ya zo na ƙarshe. Sai na ce mata ma'alish, ta yi haƙuri, wannan gwaji ne, na gaskiyar yana gida.

Na koma ɗaki na tuɓe Dakta da hannuna. Na cire tabarau. Na karɓe littafin na ba shi ƙunshin tsumma. Na yaga rigar a kafaɗa da gwiwa. Daga ƙarshe na cire takalmin, kuma a nan na sha wahala, don zana yatsun ƙafa ba wasa ba ne. Na ɗora ƙafata a kan kujera, na jingina madubi, na kwana biyu ina kwafa. Ƙafa ce irin ta gidanmu, mai faɗi, da faso a dunduniya, da babban yatsa da ƙwallo ta karkatar tun ina yaro. Ta fito tsaf, abin tausayi. A ƙasa na rubuta da Larabci da Hausa: “Shekara goma sha biyu babu iƙama.”

Fuskar kaɗai na bari, har da tsagar. Na ce a raina Turawa da Larabawa ado za su ɗauke ta, za ta ƙara wa zanen armashi, kuma babu mai gane Dakta ba tabarau. Kuma saboda ni mai gaskiya ne a sana'ata, na zana ta yadda take. A kuncinsa na hagu akwai tsaga ɗaya da ta rabu biyu kamar gwafa, wai ya motsa ne a hannun wanzami yana jariri, aska ta kauce. Na ɗauki rabin yini ina fitar da wannan gwafar. Ni Bahaushe, ɗan Bahaushe, wanda tun yana yaro ya san ana duban kuncin mutum a faɗi garinsu da gidansu, na zana wa mutum takardar shaidarsa a fuska, na ce na ɓoye shi.

Na zo na uku cikin mutum biyar. Aka ba ni kwalin fensir da takardar yabo. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi, don waɗanda suka je kallon ba su fi talatin ba, kuma rabinsu shayin kyauta ya kawo su. Amma ina, sai na sa a Fesbuk, da dogon bayani a kai, har da cewa ni ne muryar marasa murya. Na wuni ina ƙirga masu yabawa fiye da yadda nake jan carbi. Ɗaliban Nijar suka ɗauka suka sa a zaurensu, daga can ya faɗa zauren 'yan Maraɗi. A rana ta huɗu na ga wani da ban sani ba ya rubuta a ƙasa: “Kai, wanga ba Badamasi na Tibiri ba ne? Ga gwafar nan. Allahu akbar, haka ya koma?” Mutum tara suka amsa masa. Na goge zanen, amma ihu ne bayan hari.

Washegari da hantsi ya same ni a shagon Mahasin. Bai zauna ba. Ya ajiye wayar wata Hajiya a kan jarida, zanena a buɗe. Shekarun da ya yi cikin 'yan Najeriya sun goge masa harshe, amma ranar Gobirancinsa ya dawo gaba ɗaya.

“Uzairu, mi niy yi maka?”

Na fara cewa ai fasaha ce, ba shi nake nufi ba, alama ce ta dukan waɗanda…

“Alama tana da gwafa ga kunci? Shekara goma sha bakwai ina guga. Ban taɓa fita da datti ba, ko ranar da ban ci ba. Gwamnatin ƙasar ga duk da ƙarfinta ba ta tuɓe ni ba, sai kai da nika ba rabin burodina.” Ya ɗauki wayar. “Ɗiyata tana cikin zauren nan.”

Ya fita, a hankali kamar kullum, don ko a ranar bai karya ƙa'ida ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, irin wadda mutum ke rasa inda zai ajiye hannunsa. Mahasin ta zo ta ɗauke kwanon gabana ban gama ba. Ta ce, “Ya waladi, ɗana, hannunka ya fi kanka sauri.”

Juma'a ta zo, aka sauko, babu filashin. Ya kira, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Juma'a ta biyu haka, ta uku haka. Ya daina zuwa shagon sai jefi-jefi, in ya zo ba ya ɗaga kwano ya duba zane. A mako na biyar Mahasin ta ja ni gefe ta nuna min bayan rigarsa da ido. A yamutse take. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, don mutumin da guga ce katangarsa, in ya bar ta, ya bar kansa ke nan. Na bi shi ɗakinsa na ce don Allah ya bar ni ko guga in riƙa yi masa. Ya nuna min dutsen guga da haɓa. Na ƙona masa rigar nan mai ruwan toka, tambarin dutsen ya fito sak a gadon baya. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ce in tafi gida in yi karatu, ko Allah ya sa akwai abin da na iya.

Ranar wata Talata cikin Janairun 2014, bayan Juma'a bakwai babu kira, muna shagon da la'asar, shi a teburinsa ni a nawa, sai ga Hajiya Husaina, wata 'yar kasuwar Maraɗi da ta daɗe tana sari ta hannunsa. Ko masauki ba ta kai kayanta ba. Ta gaishe shi da Dakta kamar yadda ta saba, ta ciro baƙar leda daga jaka ta ajiye a gabansa, ta ce saƙon ɗiyarsa ne.

Ya daɗe bai taɓa ba. Da ya kwance, takalmi ne sau-ciki na jar fata, ɗinkin hannu, har da warin jima. A cikin na dama akwai takarda a ninke. Ya buɗe, ya kai ta kusa, ya kai ta nesa, ya cire tabarau ya goge ya mayar, sannan ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

“Karanta. Kai ka jawo.”

Na karanta a fili.

“Baba, ina gaishe ka. Tun ina aji shida na san ba karatu kake ba. Kaka ta sani, liman ya sani, duk unguwa an sani, don Hajiyoyin da kake ɗaukar wa kaya ba bebaye ba ne. Kaka ce ta tara mu ta ce duk wanda ya nuna maka mun sani ba ta yafe ba, don ta san halinka, in ka ji kunya ba za ka ƙara kira ba. Shi ya sa nake tambayar ka babi na nawa kake. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ba ka da takalmi. Da na ga ƙafarka na kwana uku ban shiga aji ba. Ban ɗauki waya ba don in na ji muryarka kuka zan yi, kai kuma ka ce min komai lafiya. Na ɗauko tsohon takalminka da ka bari a ɗakin Kaka na kai wa baduku ya auna. Ba mu son digiri. Ka sa su ka taho.”

Na ninke takardar na ajiye a gabansa. Dakta ya juya ya dubi Hajiya Husaina. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi, kamar ita aka kama da laifi.

“Hajiya, shekara nawa kina ce min Dakta?”

“Goma sha ɗaya, Dakta.”

Ya yi wata dariya gajera, hawaye na bin tsagar nan layi-layi, bai share ba. Ya ce, “Ashe ni kaɗai aka ɓoye wa.” Ya sunkuya ya cire takalmin Talata, ya jawo sabon. Bai shiga ba. Shekara goma sha bakwai yana taka titunan Alƙahira sun buɗa masa ƙafa, ta fi ta saurayin da ya bar Tibiri. Mahasin ta kawo cokali, ya sa a dunduniya, ya danna, ya cije leɓe, ta shige da ƙyar.

Ni kuwa abin yana cina, na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan ƙara samun baki ba. Na ce, “Dakta, ƙafar da ta gani ɗin nan, ba taka ba ce. Tawa ce na kwafa.”

Hajiya Husaina ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ga silifana da abin da ke cikinsu, ta tafa hannu. “La ilaha illallahu! Ga ta kuwa, har karkataccen yatsan! Yaro, a kan wagga ƙafa duk matan unguwarmu sunka yi kuka?” Mahasin ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gawayi. Na so ƙasa ta tsage. Mutum ya yi zane ɗaya a rayuwarsa da ya taɓa zuciyar jama'a, kuma ya zamana fasonsa ne ya taɓa ta.

Dakta bai yi dariya ba. Ya nuna ni da yatsa ya ce, “In ka kuskura ka gaya mata, ni da kai ne.” Ya dubi takalmin. “Shekara goma sha bakwai ina aika mata hoton Dakta, ita kuma tana aiko min da ‘Allah ya ba da sa'a.’ Yau ta aiko min da abin da ta taɓa da hannunta.”

A wannan makon ya je ya shiga layin ofishin shige da fice da ya yi shekara goma sha biyu yana kauce wa, ya ce ga shi, yana son fita. Aka yi ta kai shi ana kawo shi har wata biyu, sannan aka buga masa hatimin tafiya. Ya raba takalman nan bakwai ga masu irin matsalarsa, kowa da bayanin ranar da ake sa shi. Ni ya ba ni littafin da tabaran. Na ce ai ni ina da iƙama. Ya ce ya ga sakamakon jarrabawata a fuskata, in ajiye dai. Bai yi ƙarya ba, amma wannan wani labarin ne, kuma ba shi da daɗi.

Ranar tafiyarsa da safe na ɗaukar masa jaka zuwa bakin titi. A hanya na tambaye shi ko ya yafe min. Ya ce fuskar ya yafe, don tasa ce, Allah ya ba shi. Ƙafar ce bai yafe ba, ta cika muni.

Yana tafe yana ɗingishi. Mutumin da duk unguwa ta san shi da taku, ga shi yana jefa ƙafa kamar mai taka ƙaya, kuma na ga jini-jini a bayan safarsa. Tausayi ya kama ni. Na ce, “Dakta, cire su mana ka sa a jaka, in ka kusa Tibiri sai ka mayar. Tafiyar da nisa.”

Ya tsaya ya dube ni, irin kallon da yake yi wa zanen da bai yi ba.

“Cewa ta yi in sa su in taho. Ba ta ce in riƙo su ba.”

Motar haya ta zo, ba ta gama tsayawa ba direban yana ta yalla yalla, a yi sauri. Ya karɓi jakarsa, ya tattare riga, ya bi ta da gudu.